Kuɗi a Hannun Kotu: Abin da Ajiyar Dukiyar da Ake Shari'a a Kanta Ke Karewa da Abin da Ba Ta Karewa

Duk mai bin labaran kotuna a Najeriya ya saba jin cewa alƙali ya ba da umarnin a zuba kuɗin da ake taƙaddama a kansu cikin asusun babban magatakardan kotu har sai an kammala shari'a. Da zarar irin wannan labari ya fita sai fassara ta rabu biyu. Mutanen mai ƙara su ce gaskiya ta yi halinta tun da har an raba abokin shari'arsu da kuɗin, mutanen wanda ake ƙara kuma su ce an yanke hukunci tun kafin a ji ta bakinsu. Dukkansu sun yi kuskure, kuma kuskure ne mai jawo asara ta zahiri, domin rashin sanin wannan hanya kan sa ɗan haya ya biya kuɗin shago sau biyu, ya kuma sa wanda ya yi nasara a kotu ya tashi da takardar hukunci a hannu alhali dukiyar da ya shekara yana nema ta daɗe da shiga hannu na uku.

Ajiya ba hukunci ba ce

A shari'ar da ba ta laifi ba, wato rikicin bashi ko ciniki ko haya ko gado ko fili, akwai abin da ake jayayya a kansa, kuma kafin ranar hukunci wannan abu yana hannun wani. Idan mai riƙe da shi ya sayar, ko ya cinye, ko ya bari ya lalace, hukuncin da za a yanke daga baya ba zai sami abin da zai sauka a kansa ba. Saboda haka dokokin gudanar da ƙararraki na manyan kotunan jihohi da na Babbar Kotun Tarayya suka ba alƙali ikon tsare abin, ko dai ta hanyar karɓarsa, ko ta hanyar ɗora shi a hannun wani amintacce, ko kuma ta hana mai riƙe da shi taɓa shi. Kuɗin da suka shiga asusun kotu ba su zama na kotu ba, ba su zama na gwamnati ba, ba su kuma zama na mai ƙara ba. Amana ce da ke jiran a san mai ita.

Kariyar da doka ta ba irin wannan amana tana da ƙarfi, har ma sashe na 84 na dokar tarayya da ta tsara yadda ake zartar da hukuncin kotu ya ce wani mai bin bashi daban ba zai iya sa a kama kuɗin da ke hannun kotu ba sai da amincewar kotun. Kotun Ƙoli kuma ta daɗe da nuna cewa da zarar magana ta shiga gaban alƙali, babu ɓangaren da ke da ikon ɗaukar doka a hannunsa. A shari'ar gwamnan soja na jihar Legas da Odumegwu Ojukwu a 1986, gwamnati ta tura jami'ai masu makamai suka fitar da shi daga wani gida da ke Ikoyi alhali rikicin gidan yana gaban kotu, kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron roƙon da gwamnatin ta kawo mata muddin tana cikin saɓa wa umarnin kotun da ke ƙasa. Idan gwamnati ba ta da wannan dama, ɗan'uwan mamaci da ya sa kwado a ƙofar shago ba shi da ita.

Mai riƙon da ba shi da rabo a rigimar

Hanya ta farko da dukiya ke zuwa hannun kotu ita ce wadda talaka ya fi buƙata, ita ce kuma aka fi jahilta. A ɗauki misalin mai haya a shago wanda mai shagon ya rasu ya bar 'ya'ya daga ɗakuna biyu, kowane ɗaki ya aiko yana cewa shi za a ba kuɗin shekara. Ɗan hayan bai musa cewa akwai kuɗi a kansa ba, abin da bai sani ba shi ne wanda zai miƙa wa. Idan ya ba wannan, wancan zai maka shi a kotu, kuma idan daga baya ta tabbata ya ba wanda bai cancanta ba, sai ya sake biya. Haka dillalin da kuɗin gida suka shigo hannunsa sannan mutum biyu suka fito kowa na cewa shi ne mai gidan, ko mai sito da aka ba ajiyar buhuna, ko banki da kamfanin inshora da magada suka taso wa ta fuska biyu.

Doka ta buɗe wa irin wannan mutum ƙofa ya je kotu da kansa ya nemi a kira masu da'awar su fuskanci juna. Ana buƙatar ya gabatar da takardar rantsuwa da ke tabbatar da abu uku: cewa ba shi da wani rabo a cikin dukiyar in ban da ladan aikinsa ko abin da ya kashe, cewa bai haɗa baki da ɗaya daga cikin masu da'awar ba, da kuma cewa a shirye yake ya miƙa dukiyar ga kotu ko ya yi da ita yadda kotu ta umarta. Idan alƙali ya gamsu, yana iya umartar a ajiye kuɗin, ya sallami mai riƙon, ya bar masu jayayyar su kawo hujjojinsu. Sharaɗin rashin haɗa baki shi ne inda mutane suka fi faɗuwa, domin dillalin da ya riga ya karɓi alkawarin ƙarin la'ada daga ɓangare ɗaya ya fita daga sahun 'yan ba-ruwanmu. Akwai irin wannan hanya kuma ga ma'aikacin kotu mai zartar da hukunci, idan ya kama mota ko kayan shago saboda bashi sai wani ya fito ya ce kayan nasa ne, ba na wanda ake bi ba.

Jihar Legas ta ƙara wani tanadi a dokarta ta haya ta 2011 wanda ya shafi dubban Hausawa mazauna Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni. Idan ana shari'a kuma mai gida ya ƙi karɓar kuɗin haya, ɗan haya na iya neman izinin kotu ya biya a ofishin magatakarda, kuma idan mai gidan ya zo karɓa za a cire kashi 10 cikin 100. An yi wannan ne don toshe dabarar mai gida da ke ƙin karɓar kuɗi da gangan don ya samu hujjar cewa ɗan haya ya daina biya.

Wanda ake ƙara da ya ajiye da kansa

Hanya ta biyu dabara ce ta sulhu. An yi ƙarar mutum ana neman naira miliyan 8, shi kuma a lissafinsa abin da ke kansa bai wuce miliyan 5 ba. Yana iya zuba miliyan 5 ɗin a kotu, ya sanar da mai ƙara a rubuce, kuma dokokin kotu sun ba mai ƙara wa'adi ya karɓa a rufe magana ko ya ƙi a ci gaba. Idan ya ƙi, sannan a ƙarshe alƙali ya yanke masa abin da bai fi kuɗin da aka ajiye ba, kotu na iya ɗora masa kuɗin ɗawainiyar shari'ar da aka yi bayan ajiyar, tun da shi ya tsawaita abin da ya kamata ya ƙare. Ana iya yin wannan ajiya tare da musanta alhaki, kuma ƙa'idar da aka gada daga tsarin Ingila ita ce ba a gaya wa alƙalin da ke sauraron ƙarar cewa an ajiye wani abu sai ya gama yanke ko akwai bashi da kuma nawa ne, don kada adadin ya rinjayi tunaninsa. Wanda kuma kariyarsa ita ce ya kai kuɗin tun kafin a yi ƙara aka ƙi karɓa, dole ya kawo kuɗin kotu kafin a saurari wannan kariya.

Lokacin da kotu ce ta tilasta

A nan ne gardama ta fi zafi, kuma kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Mai ƙara zai ce shari'a a Najeriya na iya shekaru, kuma wanda ya san zai faɗi yana da isasshen lokacin da zai kwashe asusunsa ya sa sunan matarsa a takardar gida. Wanda ake ƙara zai ce har yanzu ba a tabbatar da komai a kansa ba, kuma ɗan kasuwar da aka ɗaure wa jari shekara biyu an riga an karya shi ko da daga baya an wanke shi, balle ma wani na iya shigar da ƙarar ƙarya don kawai ya matsa masa ya yi sulhun dole.

Kotuna sun raba tsakanin hali biyu. Idan abin da ake jayayya a kansa sananne ne a keɓe, kamar kuɗin wani gida da aka sayar, ko hayar wani gini, ko wata mota, umarnin tsarewa ya fi sauƙin samuwa, kuma idan kaya ne masu saurin lalacewa kotu na iya sa a sayar a ajiye kuɗin. Amma idan bashi ne kawai ake bin mutum, asalin ƙa'ida ita ce mai ƙara ba ya samun jingina kafin hukunci. Togaciya a kan wannan ita ce umarnin da ake kira Mareva, wanda ya samo suna daga shari'ar wani kamfanin jiragen ruwa a Ingila a 1975, kuma Kotun Ƙoli ta Najeriya ta amince da tushensa a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989. A ƙarƙashin wannan umarni kuɗin ba sa barin asusun mai su, hana shi kwashewa kawai ake yi, kuma mai nema sai ya nuna ƙararsa tana da ƙarfi, ya nuna akwai haɗari na gaske cewa za a ɓatar da dukiyar, ya kuma ɗauki alkawarin biyan diyya idan ta bayyana bai kamata a ba shi umarnin ba. A wannan shari'a ta Kotoye ne kotun ta ja kunne sosai a kan umarnin da ake bayarwa a bayan idon ɗaya ɓangaren, ta ce ba a yin sa sai a halin gaggawa na haƙiƙa kuma na ɗan lokaci.

Bayan hukunci kuma lissafin ya sauya, domin yanzu akwai wanda kotu ta ce shi ne mai gaskiya. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai an nema an nuna dalili na musamman, kamar yadda Kotun Ƙoli ta bayyana tun a shari'ar kamfanin Vaswani a 1972. Mafitar da alƙalai suka fi bi a hukuncin kuɗi ita ce a dakatar da zartarwa bisa sharaɗin wanda ya faɗi ya zuba kuɗin a asusun magatakarda. Ta haka wanda ya yi nasara ya san kuɗin suna nan, wanda ya ɗaukaka ƙara kuma ya san idan aka juya hukuncin ba zai koma bin mutumin da ya riga ya kashe su ba. Masu sukar wannan tsari suna cewa ga mai ƙaramin ƙarfi sharaɗin daidai yake da rufe masa ƙofar ɗaukaka ƙara, kuma sukar tana da tushe, shi ya sa wasu lokuta ake karɓar takardar lamunin banki a madadin tsabar kuɗi.

Tauƙifi a kotunan shari'ar Musulunci

Mafi yawan rikicin gado da gona da gida a Arewa ba ya zuwa babbar kotu, a kotunan shari'ar Musulunci ake yin sa, kuma fiƙihun Malikiyya yana da nasa babi a kan wannan magana tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa. Malamai na kiran sa tauƙifi, wato tsayar da abin da ake jayayya a kansa. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, alƙalin birnin Garnaɗa na Andalus da ya rasu a 1426, wanda har yau alƙalan Arewa ke dogara da shi, ya keɓe masa fasali guda, kuma abin da ke ciki ya nuna an yi wa matsalar tunani mai zurfi.

Da farko, nauyin tsayarwar yana bin nauyin hujjar da aka kawo. Idan shaidu sun riga sun ba da shaida kuma abin da ya rage shi ne i'izari, wato a ba wanda ake ƙara damar soke shaidar, to ana iya raba shi da abin. Idan kuwa shaida ɗaya adali kawai aka kawo a kan gida ko fili, ba a cire shi daga hannun mai riƙe da shi, hana shi sayarwa ko sauya shi ake yi. Na biyu, kowace dukiya da irin tsayarwar da ta dace da ita: gidan zama ana rufe shi bayan an ba mazauninsa lokacin kwashe kayansa, abin da ke kawo kuɗin shiga kamar gidan burodi ko injin niƙa ana barinsa ya ci gaba da aiki a riƙa ajiye abin da yake samarwa, gona ana hana noma ta, kason da ake jayayya a kansa cikin dukiyar tarayya ana ba da shi haya a ajiye kuɗin, abin da ke saurin lalacewa kuma ana sayar da shi a ajiye kuɗinsa idan an ji tsoron jiran zai yi tsawo. Na uku, kuma wannan ne ya fi muhimmanci ga halin da ake ciki yau, tsayarwa ba ta tafiya sai da wa'adin da aka yanka. Alƙalin da ya rufe gidan magada ya bar shi damina uku har rufin ya faɗa bai bi abin da littafin ya tsara ba, ko da kuwa da niyyar adalci ya rufe shi.

Adadi na nan, daraja ta tafi

Ajiyar kotu tana kare dukiya daga hannun mai cin amana, amma ba ta kare ta daga faɗuwar darajar naira, kuma wannan ne ɓangaren da lauyoyi da masu shari'a suka fi yi wa sakaci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Ma'anar wannan ita ce naira miliyan 10 da suka kwanta a asusu tsawon waccan shekara ba tare da sun haifi komai ba, abin da za su saya a ƙarshenta bai wuce na kusan miliyan 7.4 a farkonta ba. Ga mai shigo da kaya daga waje abin ya fi muni, domin a watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma bayan sakin naira a watan Yuni na shekarar ta haura 1,500 a cikin 2024, wato miliyan 10 ɗin da suka kai kusan dala 21,700 sun koma ƙasa da dala 7,000.

Saboda haka manyan kotuna kan ce a sa kuɗin a asusu mai kawo kuɗin ruwa, wanda ya yi nasara ya kwashe uwa da abin da ta haifa. Wannan yana rage asarar amma ba ya shafe ta, tun da ruwan da bankuna ke biyan masu ajiya ya yi ƙasa sosai da hauhawar farashin waɗannan shekaru. Ga Musulmi kuma akwai matsala ta biyu, domin abin da asusun ya haifa kuɗin ruwa ne da addininsa ya haramta masa. A da zaɓin bai wuce biyu ba, ko ya bar kuɗin su zauna suna zagwanyewa ko ya karɓi abin da ba zai ci ba. Yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa masu lasisin Babban Banki, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, waɗanda ke da asusun zuba jari na raba riba. Ɓangarorin shari'a suna iya amincewa a tsakaninsu su roƙi alƙali ya ambaci irin wannan asusu a cikin umarninsa, amma sai wani ya tashi ya nema, domin alƙali ba ya yanke abin da ba a roƙe shi ba.

Zaɓin bankin ma ba ƙaramin abu ba ne. Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni na 2024, kuma abin da hukumar inshorar ajiya ke lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci naira miliyan 5 ne, sauran sai an jira a sayar da kadarorin bankin.

Caji ofis ba ma'ajiyar kotu ba ne

Mutane da yawa, saboda tsoron jinkirin kotu, kan kai rigimar bashi ko ta ciniki wurin 'yan sanda, a kuma ce wa wanda ake bi ya kawo kuɗin ya ajiye a nan. Wannan ba shi da alaƙa da ajiyar da ake magana a kanta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wani rikicin da ba laifi ba, kuma kotuna sun sha nanata cewa karɓar bashi ba aikin 'yan sanda ba ne. Kuɗin da aka bari a irin wannan wuri ba su da umarnin alƙali da ke tsare su, kuma wanda ya kai ƙorafin na iya samun kansa ana neman diyyar tauye haƙƙi a wurinsa. Haka nan ƙwace dukiya na wucin gadi da hukumar EFCC ke nema a kotu wata hanya ce daban, mai nata dokoki, wadda ta shafi dukiyar da ake zargin an samo ta hanyar laifi.

Fitar da kuɗin

Shigar kuɗi asusun kotu ya fi fitarsu sauƙi. Ba a sakin su sai da umarnin alƙali ko bisa abin da dokokin kotun suka tsara, kuma idan wanda ya faɗi ya ɗaukaka ƙara ya nemi a dakatar, jiran na iya komawa sabo. Idan akwai marayu ƙanana a cikin masu rabo, kotu na da ikon ci gaba da kula da kasonsu ko ta tsara yadda za a riƙe shi. Akwai kuma jinkirin da ba na kowa ba ne a cikin masu shari'ar, kamar yajin aikin ma'aikatan kotuna na 2021 da ya rufe kotunan ƙasar nan fiye da wata biyu tun daga watan Afrilu, lokacin da babu ofishin da zai karɓi takardar neman sakin ajiya.

Yawancin wahalar fitarwa tana samo asali ne daga yadda aka rubuta umarnin tun ranar farko. Umarnin da ya faɗi adadin kuɗin, da sunan bankin da irin asusun, da ranar da za a zuba, da wanda zai ci abin da asusun ya haifa, da abin da zai sa a sake su, ya toshe ƙofar sabuwar gardama. Idan gida ne ko gona ko mota, akwai buƙatar a faɗi wanda zai riƙe, da wanda zai biya kuɗin gyara da gadi, da lokutan da zai riƙa kawo lissafi gaban kotu. Wanda ya zuba kuɗin kuma ya zuba su ne a asusun da umarnin ya ambata, ba a hannun wani ma'aikaci ba, ya karɓi rasit ɗin kotu da shaidar banki, ya sa lauyansa ya shigar da kwafinsu cikin fayil ɗin ƙarar, domin ranar da za a nemi sakin kuɗin mai yiwuwa an sauya wa alƙalin da magatakardan wurin aiki, kuma wanda ya gaje su da abin da ke cikin fayil zai yi aiki.